Birni mai ƙarancin hayaƙi: me ya sa maganar take farawa daga bas?

Duk sanda aka ce "birni mai ƙarancin hayaƙi" ko "birni mai ɗorewa", hoton da ake liƙa mana kusan iri ɗaya ne, dogayen benaye na gilashi, ciyawa a kan rufi, wata ƙatuwar mota mai lantarki tana shan caji a gefe, ba kwata, ba bola, ba mai tura baro. Ni dai da na ga irin hoton nan wucewa nake, don na san ba da mu ake ba. Garuruwan ƙasashe masu tasowa da suka taɓuka abin kirki a wannan fage, irin su Kuritiba a Birazil da Bogota a Kolombiya, yanzu kuma ga Dakar, dukkansu da bas suka fara. Bas dai da ka sani, mai taya da direba. Shi nake so mu warware yau, amma a yi haƙuri, maganar tana da kwana-kwana.

Mu fara da ɗan lissafi. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, dizal kuma ya ɗan fi haka, wajen 2.7. Wani zai ce to ta yaya, bayan litar kanta ba ta kai kilo ɗaya ba? Ai kabon ɗin da ke cikin man ne yake haɗuwa da iskar da muke shaƙa yayin ƙonewa, nauyin ya ƙaru. To ka tsaya bakin titi da yamma ka ƙirga ababen hawan da ke tsaye a go-sulo injinsu na aiki ba sa motsi, za ka gane me ya sa ake cewa birane ne ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na kabon ɗin da ke fitowa daga makamashi a duniya.

Tambayar da na fi ji a nan ita ce, to mu ina ruwanmu? Kuma tambaya ce mai kyau wallahi. Duk nahiyar Afirka abin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba, waɗanda suka ɓata sama suna can, su suka ci moriyar. Amma akwai abu biyu. Na ɗaya, hayaƙin da ke fita daga salansar tsohuwar bas kafin ya je ya ɗumama duniya ta huhun mai sayar da awara a bakin tasha yake fara bi, kuma man da ya ƙone a banza daga aljihun fasinja aka cire kuɗinsa. Na biyu kuma shi ne babba: biranenmu ba a gama gina su ba. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce kafin 2050 za a samu ƙarin mutum biliyan 2.5 a birane, kusan kashi 90 cikin 100 a Asiya da Afirka, Najeriya kaɗai ana sa ran ƙarin miliyan 189. Unguwannin da mutanen nan za su zauna yawancinsu yanzu gonaki ne.

Shi kuma gari in ya riga ya zauna, ya zauna ke nan. Akwai wani kwatance da masu tsara birane suke yawan kawowa, na Atlanta a Amurka da Basalona a Sifaniya. A wajajen 1990 yawan jama'arsu ya yi kusa da juna, kowanne bai kai miliyan uku ba, amma filin da Atlanta ta shimfiɗu a kai ya ninka na Basalona fiye da sau ashirin. A Atlanta ko burodi za ka saya sai ka tada mota, a Basalona da ƙafa za ka je ko ka hau jirgin ƙasa. Ba wai mutanen Atlanta sun fi son ɓarna ba ne, yadda aka yanka musu gari ne ya ɗaure su, kuma ba gwamnatin da za ta zo yau ta tattaro gidajen ta matso da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan shi ne abin da Kuritiba ta gane da wuri. Babban birnin jihar Parana ce a kudancin Birazil, a 1970 mutanenta wajen dubu 600 ne, yau sun kusa miliyan 1.8. A 1971 wani matashin mai zanen gine-gine, Jaime Lerner, ya zama magajin gari, a lokacin da sauran biranen Birazil ke ta rushe tsofaffin unguwanni ana faɗaɗa wa motoci hanya. Shi kuwa a 1972 ya ɗauki babban titin kasuwanci na tsakiyar gari ya hana mota shiga, ya mayar da shi na masu tafiya a ƙasa, kuma cikin kwana uku aka gama aikin, da gangan, don kada 'yan kasuwa su samu zarafin garzayawa kotu. Masu motoci suka shirya za su yi jerin gwano su ratsa titin da ƙarfi, da suka iso sai suka tarar an shimfiɗa takardu a ƙasa yara sun baje suna zane. Wa zai taka yaro? Suka juya. Da ciniki ya buɗe, 'yan kasuwar da suka yi ta kumfar baki su ne suka dawo suna roƙon a ƙara tsawon wurin.

A 1974 aka fara abin da yanzu duniya ke kira BRT, wato bas mai sauri da ke bin layinta ita kaɗai. Garin ba shi da kuɗin haƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai suka zauna suka tambayi kansu, shin mene ne yake sa jirgin nan sauri? Ba ƙarfen dogo ba ne. Hanyarsa tasa ce shi kaɗai, fasinja ya biya tun kafin ya iso, ƙofofinsa da yawa kuma daidai suke da dandamali, kowa ya taka ya shige. To duk wannan ai ana iya yi wa bas. Aka ware mata layi biyu a tsakiyar titi, a tsakiya fa, ba gefe ba, don gefen titi na kowa ne, mai faka mota da mai sauke kaya da mai kasa tumatir duk nan suke. A 1991 aka kawo tashoshin nan masu kama da kwalbar gilashi a kwance, ka biya a bakin ƙofa ka shiga ka jira, bas na tsayawa ƙofofi su buɗe gaba ɗaya, cikin 'yan daƙiƙu ta tashi, ba kwandasta na neman canji, ba "malam matsa ciki". A 1992 suka ƙara da doguwar bas mai gaɓa biyu da ke ɗaukar mutum wajen 270. In ka raba mutum 270 huɗu-huɗu a A Daidaita Sahu, kusan guda 70 kake buƙata, kowanne da injinsa, da hayaƙinsa, da hon ɗinsa.

Sai dai akwai rabin labarin da masu zuwa yawon koyo a Kuritiba suke yawan barowa a can, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan abin. Kafin bas ɗin akwai taswira. Tun tsakiyar shekarun 1960 aka kafa wata cibiyar tsara gari ta dindindin, IPPUC, aka ce garin zai girma ne a kan wasu dogayen hanyoyi da suka fita daga tsakiya. Dokar gini ta ce dogon bene sai a bakin waɗannan hanyoyi, shaguna da ofisoshi a ƙasa, gidajen kwana a sama, kana nisa da hanyar tsayin gini na raguwa. In ka ga hoton garin daga sama, jerin benayen da kansu za su nuna maka inda bas ke bi. Ma'ana an kai mutane inda mota take, maimakon a bar kowa ya je ya gina inda ya ga dama sannan a zo ana neman yadda za a kwaso shi. An kuma yi kuɗin mota guda ɗaya, ka biya sau ɗaya ka canza bas a tasha ba ƙari, mai gajeriyar tafiya yana ɗauke wa na bayan gari nauyi.

Sun yi wasu dabarun ma. Fadamun da ke ambaliya, maimakon a zuba siminti a yi manyan magudanai, sai aka bar su aka mayar da su wuraren shaƙatawa masu tafki, ruwa in ya zo ya samu wurin kwanciya. Har tumaki aka zuba suna cin ciyawar, wai sun fi injin yanka araha. Unguwannin da motar shara ba ta iya shiga kuma aka ce ku kawo robobi da gwangwani a ba ku kayan lambu.

Kada dai a ɗauka aljanna ce. Filin da ke bakin hanyar bas ya yi tsada, talakan da aka yi bas ɗin dominsa ya kasa zama a wurin, ya koma can ƙarshen gari da garuruwan kewaye, tafiyarsa ta ƙara tsawo. Kuma yau Kuritiba tana cikin biranen Birazil da suka fi yawan motocin gida idan aka kwatanta da yawan jama'a, fasinjan bas ya ragu. Mutum in ya samu kuɗi mota yake saya, ko a ina yake, sai fa in an sa hawa motar ya fi masa wahala.

Bogota ce ta ɗauki abin ta kai shi babban birni, kuma a nan ne labarin ya fi kama da namu. Kafin 2000 dubban tsofaffin bas-bas ne na 'yan kasuwa ke jigilar garin, kuma direba ba shi da albashi, abin da ya kwasa shi ne nasa. Su da kansu suna kiran tsarin "yaƙin kwabo". Duk wanda ya taɓa zama gaban motar haya a ƙasar nan ya san yaƙin nan ko bai san sunansa ba. Direba ya fito da asuba da balas a wuyansa, dole ya haɗa wa mai mota kuɗinsa, ya sha mai, ya sallami 'yan kamasho, sannan abin da ya ragu na cefane ne. To mutumin da ke cikin wannan hali don me zai tsaya a tasha kawai? Yana hango hannu a ɗage zai yanke layi uku ya taka burki a tsakiyar titi, in ya ga ɗan'uwansa a gaba ya take wuta ya riga shi, in kuma ba fasinja ya zauna injin na kunne yana jiran lodi ya cika. Gyaran mota sai ta mutu. Mu fasinjoji mu yi ta zagin direbobi ba su da tarbiyya, alhali ko limamin unguwarku ka ɗora wa balas ɗin nan, kwana uku ya isa ya koyi yankan layi.

Enrique Peñalosa ya zama magajin garin Bogota a 1998, ya tarar da shawarar ƙwararru daga Japan a kan tebur cewa a gina manyan titunan sama. Ya ajiye ta gefe, a Disamba 2000 aka buɗe TransMilenio. Jajayen bas ɗin da tashoshin su ne abin da ido ke gani, amma ainihin gyaran a takardar kwangila yake. Kuɗin fasinja ba ya shiga hannun direba, kati ake amfani da shi, kuɗin ya tafi asusu guda. Kamfanin da ke da bas ana biyansa ne bisa kilomitar da ya yi a kan jadawali, in ya makara ko ya fito da mota mai hayaƙi a ci shi tara. Direba ya koma mai albashi da lokacin tashi. Shi ke nan, ba sauran dalilin tsere. Tsofaffin masu motoci kuma ba kora aka yi musu ba, da yawansu sun haɗu sun kafa kamfanonin, da sharaɗin duk sabuwar bas da za ta hau layi sai an kawo wasu tsofaffi an farfasa su. Nan ne ragin hayaƙin yake a zahiri, in ba a farfasa ba, tsohuwar motar unguwa kawai za ta canza ta ci gaba da turnuƙe wasu.

A lokacin cunkoso babban layin garin yana kwashe mutum fiye da dubu 35 a awa ɗaya ta hannu ɗaya, adadin da a da ake ganin sai jirgi, layin motocin gida kuwa da ƙyar yake wuce mutum dubu biyu. A 2006 TransMilenio ya zama aikin sufuri na farko da aka yi wa rajista a tsarin cinikin kabon na yarjejeniyar Kyoto, wato ana auna hayaƙin da ya hana fita a sayar wa ƙasashe masu arziki. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Garin ya ci gaba da cika, ba a ƙara layuka yadda aka tsara ba, fasinja ya haura miliyan biyu a rana, bas ta koma gwangwanin kifi, mata na kuka da masu matse su, ana yanke aljihu, har zanga-zanga aka sha yi ana fasa tashoshi. Yanzu haka jirgin da aka ce ba a buƙata shi suke ginawa. Wasu na cewa ka ga ni, BRT ta gaza. Ni ba haka nake kallonsa ba, abin da ya ɗauki gari mai mutum miliyan takwas shekara ashirin da ɗoriya a kan ɗan kuɗin da bai kai na layin jirgi guda ba, ai ya fanshi kansa, laifin na waɗanda suka bar shi a haka ne.

A Afirka, Legas ce ta fara a Maris 2008, kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS. Sigar mai araha aka yi, layin a gefen titi da ɗan kan siminti, wani wurin ma fenti ne kawai. Dabarar da hukumar sufurin Legas, LAMATA, ta yi ita ce jawo ƙungiyar direbobi ta NURTW ciki, aka ba ta tafiyar da motocin, don kowa ya san in ka bar su a waje ba za ka sha ruwa da sanyi ba. Daga baya an kai layin Ikorodu, an yi na Oshodi zuwa Abule Egba, a 2023 kuma jirgin Blue Line ya fara ɗaukar fasinja bayan fiye da shekara goma ana aikinsa. Duk da haka har gobe danfo ce ke ɗauke da Legas.

Darussalam ta Tanzaniya ta buɗe nata a 2016, kilomita 21, ginin ya yi kyau har lambar yabo ta duniya ta samu. Sai ga shi an gina garejin motocin a Jangwani, kwarin da kowane ɗan gari ya san ruwa na cinyewa da damina, ruwa ya sha shiga ya lalata bas-bas, aikin da aka yi da sunan sauyin yanayi ya manta da ambaliya. Motoci suka yi ƙaranci, mutane na cika tasha suna jira. Adis Ababa kuwa jirgin lantarki ta yi a 2015, dala miliyan 475, akasari bashin Chaina, bayan 'yan shekaru fiye da rabin jiragen suna ajiye saboda rashin kayan gyara. Yanke ƙyallen buɗewa ba shi da wuya, ranar da za a nemi kuɗin taya da batir da albashin makanike ita ce ranar gaskiya.

Dakar ce na fi zuba wa ido yanzu. Garin a kan wani siririn zirin ƙasa yake da ya kutsa cikin teku, ruwa ta gefe uku, mutum kusan miliyan huɗu a yankin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin Senegal ba, ayyuka da ofisoshi suna can ƙarshen bakin, jama'a kuma suna kwana a baya, kowace safiya kowa ya nufi mazurari ɗaya. A Janairu 2024 shugaban ƙasar na lokacin, Macky Sall, ya ƙaddamar da BRT ɗinsu, a watan Mayu ta fara ɗaukar fasinja, kilomita 18 da ɗoriya daga tashar Petersen zuwa Guédiawaye, tashoshi 23, dogayen bas 121, dukkansu masu lantarki, irinta ta farko a Afirka kudu da Sahara. Tafiyar da ke cin minti 90 aka tsara ta koma 45. Bankin Duniya da bankin zuba jari na Turai suka ba da kuɗin hanya, wani kamfanin Faransa, Meridiam, da asusun zuba jarin gwamnatin Senegal suka sayi motoci za su tafiyar da su shekara 15. Amma abin da jaridu ba su cika faɗa ba, Dakar ta yi kusan shekara ashirin tana share fage. Tun 2005 hukumarsu ta sufuri, CETUD, ta fara haɗa masu tsofaffin motocin nan masu fenti kala-kala cikin ƙungiyoyi, ka miƙa tsohuwar a farfasa, a ba ka bashin sabuwar ƙaramar bas ƙirar Tata, ka karɓi layi mai lamba da tikiti. Ba a gama da tsofaffin ba, suna nan, amma an riga an saba zama tebur ɗaya da masu mota. Ba ranar tafiya suka fara fafe gora ba.

To batun lantarkin fa? Yana da amfani, ba na musu. Bas mai batir ba ta hayaƙi a hancin jama'a, ba ta ƙara, kuma Shenzhen a Chaina ta nuna ana iyawa, kafin ƙarshen 2017 ta mayar da bas ɗinta sama da dubu 16 duk na lantarki, da tallafin gwamnati mai kauri sosai. Sai dai a tambaya daga ina wutar take. In tashar da ke ba da wutar baƙin mai take ƙonawa, kamar yadda kaso mai yawa na wutar Senegal yake har yanzu, to wani ɓangaren hayaƙin matsar da shi aka yi zuwa bayan gari. In kuma janareto za ka tayar ka yi caji, to wannan kam sai dariya. Babban ragin yana zuwa ne daga tara mutum ɗari da hamsin a mota ɗaya da ba ta tsayawa a go-sulo. Bas ɗin dizal cike da mutane a kan layinta ta fi motocin lantarki ɗari masu mutum ɗaiɗai alheri, su waɗannan ko ba su yi hayaƙi ba, titin dai sun cika shi, kuma siminti da rodin da za a ƙara don faɗaɗa musu hanya su ma kabon ne, siminti kaɗai yana da kusan kashi 7 zuwa 8 na hayaƙin duniya.

Sai kuɗi, inda yawancin ayyukan nan ke karyewa. Bashin da dala ake cinsa, motar da kayan gyaranta da dala ake saye, fasinja kuwa da naira ko sefa yake biya. In kuɗin ƙasa ya faɗi, ko dai a ƙara kuɗin mota talaka ya gudu ya koma danfo, ko a bar shi yadda yake gyara ya tsaya. Kusan duk manyan biranen duniya gwamnati na cika wa sufurin jama'a gibi, ba abin kunya ba ne. Mu a Najeriya mun yi shekaru muna zuba tallafi a kan fetur, wanda mai jif uku ya fi kowa sha. Da aka cire a 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce 1,000, sai ga ma'aikata na takawa a ƙasa, wasu na ajiye mota a gida. Ranar nan aka gane garuruwanmu an gina su ne a kan zaton mai zai dawwama da araha.

Kano ta ishe mu misali. A Janairu 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja saboda tsaro, ba a tanadi manyan motoci da za su maye gurbi ba, A Daidaita Sahu ya cike gari. Kuma kada a raina shi, yana ciyar da gidaje da yawa, yana shiga lungun da bas ba za ta taɓa shiga ba, duk tsarin da zai zo in bai ba shi gurbin kwaso mutane daga cikin unguwa zuwa babbar tasha ba, to rigima kawai aka saya. Amma ɗora masa jigilar gari mai miliyoyin mutane daga Mariri har Kabuga kamar kwashe rijiya ne da ludayi. Abin da muka fi zuba kuɗi a kai shi ne gadar sama, don ita ake gani, ita ake ɗauka a hoto. Gada tana warware mahaɗa ɗaya ta tura cunkoson mahaɗa ta gaba, mai tafiya a ƙasa kuma ta ƙara masa wahalar tsallakawa. Ga titunan nan masu faɗi, titin Zariya, titin Katsina, titin Gwarzo, titin Haɗeja, duk sun fito daga tsakiya kamar yatsun hannu, irin abin da Kuritiba ta zauna ta zana da gangan mu mun same shi a gado. Ware layi biyu a tsakiyarsu ba ilimin sama jannati ba ne, abin da ke da wuya shi ne a ce wa mai jiniya da mai baƙin gilashi kai ma ba za ka hau layin nan ba, kuma a tsaya a kai. Sannan ko an yi, wanda zai taka minti goma zuwa tasha a ranar Afrilu yana buƙatar inuwa, darbejiyar da ake sarewa in za a faɗaɗa titi ita ma cikin kayan sufuri take.

Kwanakin baya na raka wani abokina ganin fuloti can bayan gari, mun wuce inda kwalta ta ƙare da kusan minti ashirin. Awon igiya ne, gonar gero ce bara, har yanzu kututturen kara na nan. Dillalin na ta nuna mana da sanda, nan masallaci, nan kwana, nan wani Alhaji ya sayi huɗu a jere. Na tambaye shi ina babban titin unguwar zai bi? Ya nuna mini wani tsakani da na auna da ƙafa, taku shida, A Daidaita biyu in sun haɗu sai ɗaya ya ja baya. Na ce makaranta fa, ko kasuwa? Ya yi dariya ya ce ai in mutane suka cika gwamnati za ta zo. Daga gefen gabas akwai wani ƙaton kududdufi, ana ta juye masa shara da ɓaraguzai, shi ma an riga an yanka shi fuloti takwas a takarda. Abokina a Sabon Gari yake aiki, na ce ka lissafa kuɗin motar zuwa da dawowa kullum? Ya ce ya lissafa, ya fi kuɗin hayar da yake biya yanzu, amma a cikin gari kuɗinsa ko ɗaki ɗaya ba za su saya ba. Ya biya kafin alƙalami a ranar, dillalin ya kafa masa turaku huɗu ya shafa musu jan fenti.